Hular da ta ƙi shiga

Saƙa ce sana'ata, kuma duk jaririn da aka haifa a danginmu ni nake saƙa masa hular suna. Ta ɗan ƙanwata shuɗiya na yi, na ma ƙara mata faɗi don ta kai shi ƙarshen sanyi. Kafin a yi arba'in ta matse shi. Na saƙa wata, ita ma ba ta yi wata guda ba. Ranar da na je gwada masa ta uku ne na lura da jijiyoyin goshinsa da na gefen idonsa sun fito raɗa-raɗa, maɗigarsa kuma ta taso ta yi tauri, alhali yana kwance lafiya, ba kuka yake yi ba.

Na ce wa uwar, "Ke kin ga kan yaron nan kuwa?" Ta ce, "Yaya, kowa cewa yake kan kakansa ya ɗauko." Inna ma haka ta ce, har da ƙarin cewa kan malamai ne. Ban yi musu ba, na ciro tef ɗin awo daga jakata na zagaya kansa, daga saman gira zuwa ƙeya. Santimita 45, yaro ɗan wata 3. Jariri ana haihuwarsa da kai wajen 35, a wata uku kuma yawanci bai wuce 40 ko 41 ba. Na rubuta a bayan littafin da nake rubuta awon masu kawo aiki.

A asibitin koyarwa wani likita ya yi abin da har yau nake gani a idona. Ya ɗora abin sauraron ƙirji a kan maɗigar yaron, ya yi shiru, sannan ya miƙo mini ya ce, "Hajiya, saurara." Wani huci na ji, fuu, fuu, yana tafiya daidai da bugun zuciya. Hoton cikin kai da ake kira MRI ya nuna abu biyu: ruwa ya taru a cikin ƙwaƙwalwa, kuma can tsakiyar kai akwai wata jijiyar jini da ta kumbura kamar balan-balan.

Sunan ciwon yana komawa ga jijiyar Galen, likitan nan na Girkawa da ya rayu a ƙarni na 2, wanda Larabawa ke kira Jalinus. Yadda aka yi mana bayani, jinin da zuciya ke turowa da ƙarfi yakan bi ta wasu ƙananan jijiyoyi, sirara fiye da gashi, ƙarfinsa ya ragu kafin ya shiga jijiyoyin da ke mayar da shi. A wurin ɗanmu babu waɗannan ƙananan a wannan gurbi, jinin yana kwarara kai tsaye cikin jijiyar da ba a halicce ta don ɗaukar wannan ƙarfi ba. Kuma abin yana faruwa ne tsakanin mako na 6 da na 11 na ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Na sa likitan ya maimaita wannan a gaban ƙanwata, domin ta kwana biyu tana kuka tana lissafa abin da ta ci da aikin da ta yi da tsohon ciki. Wata maƙwabciya kuma ta riga ta fara raɗa cewa ɗan ruwa ne. Wannan kalma ta yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa.

Inda muka sha wuya shi ne maganar tiyo. Mun san yaran da ruwa ya taru a kansu aka saka musu siririyar roba daga kai zuwa ciki, shant suke ce mata, kuma sun samu sauƙi. Mijin ƙanwata ya dage a saka wa ɗansa. Likita ya ce a'a, mu dakata. Gaskiya a ranar na zarge shi a zuciyata, na ɗauka jan rai ne.

Sai da ya zana mana a takarda na gane. Ƙwaƙwalwa kullum tana yin wannan ruwa, a jikin babba wajen rabin lita a rana, kuma yana tsiyayewa ne cikin jijiyoyin da ke mayar da jini. Na tuna unguwarmu da damina: idan babban rafi ya cika ya tumbatsa, ruwan kwata ba ya samun wurin zuba, sai ya dawo cikin gida. Jijiyoyin yaron sun cika da jini mai ƙarfi, ruwan ya rasa mashiga. Idan aka zuƙe ruwan aka bar jijiyar yadda take, tana iya ƙara kumbura, jini ma yana iya zuba a cikin kai. Saboda haka ake fara toshe mahaɗar da jinin ke kwarara ta cikinta. Ana zura siririn bututu ta jijiyar matse-matsi har cikin kai, a zuba wani irin gam. Wani likitan Faransa, Pierre Lasjaunias, na asibitin Bicêtre da ke gefen Paris, yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari, har da shawarar a jira yaro ya kai wata 4 ko 5 idan zuciyarsa na ɗauka. Wasu jariran ba sa samun wannan jira, zuciyarsu kan gaza tun kwanakin farko saboda yawan jinin da ke dawo mata. A 2023 likitoci a Boston ta Amurka sun yi wa wata jaririya aikin tun tana cikin mahaifiyarta, cikin yana mako 34.

Ina so in faɗi wannan da kyau, kada wata uwa ta karanta ta ƙi shant. Ciwon ɗanmu ba kasafai ake ganinsa ba. Yawancin yaran da kansu ke girma a ƙasashenmu dalilinsu daban ne, sau da yawa sanƙarau ko wata cuta da ta kama su suna jarirai, kuma shant ko aikin buɗe wa ruwan hanya shi ne ceton su. Hoto ne ke raba wannan da wancan.

An sayar da fili, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa, aka tafi Indiya yana ɗan wata 5. An yi masa aikin sau biyu, saura ɗaya. Jijiyoyin goshinsa sun kwanta, ya fara zama da kansa, ko da yake a makare, kuma har yanzu hannunsa na hagu bai kai na dama ƙarfi ba. Duk ranar Juma'a bayan la'asar ƙanwata takan kawo shi, in zagaya kansa da tef in rubuta. Makonni shida ke nan lambar ba ta motsa ba. Hular da na saƙa masa kafin tafiya ita ce a kansa har yau.