Wa ya gaya wa waya?

Jiya wani ƙanena ya turo mini saƙon murya a WhatsApp, wai kakanninmu da suka kafa Maradi arna ne da suka gudo daga Katsina don ƙin Musulunci. Na ce wa ya faɗa? Ya ce ai a waya ya ji. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Gaskiya ne jihadin Shehu Usmanu ya fara a 1804, Katsina ta faɗi, ƴaƴan gidan sarauta suka yo arewa, ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya zauna a Maradi. Shi ya sa har yau ake cewa Sarkin Katsinan Maradi. Amma Katsinar da suka baro fa? Hasumiyar Gobarau tana tsaye tun kafin a haifi Shehu, Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani sun karantar a can. Faɗan ya haɗa da mulki da haraji da surkulle a fada, kuma akwai masu salla a kowane ɓangare.

Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun bi isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito ta, mutum bayan mutum. Mu kuwa murya marar suna, wadda yanzu na'ura ma ke iya kwaikwaya, ta ishe mu kafirta matattu. Wallahi wannan yana ba ni tsoro.