Na ji, na rubuta, na yi shiru

Makon jiya na miƙa makullin ɗakin haɗa magani, bayan shekara 4 da 'yan watanni ina ƙirga wa mutane ƙwayoyin homiyofati, wato tsarin maganin da ake tsarma sinadari sau da yawa a ɗiga wa ƙwayoyin sukari, a 'yan ƙananan kwalabe. Waɗanda muka yi kwas tare suna ta tambayata dalili, har da mai cewa na yi wa sana'a butulci. Ga dalilin nan, a huta da kirana cikin dare.

Dukanmu mun haddace asafotida a littafi, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa riƙe ɗanyen ƙaron a hannu. Daga saiwar wata shuka mai suna Ferula ake tatso shi, a busassun tsaunukan Iran da Afganistan. Sai shukar ta shekara 4 ko 5 ake yanke kan saiwar, wani farin ruwa kamar madara ya tsattsafo, ya daskare, a kankare, a sake yankawa. Indiyawa hing suke ce masa, Larabawa haltit, Jamusawa kuwa ba su yi masa kara ba, suka raɗa masa kashin shaiɗan. Sinadaran farar wuta da ke cikin mansa ne suke ba shi wannan wari. Maigidanmu yana da dunƙule guda, ja-ja haka mai danƙo, a cikin gwangwani, gwangwanin cikin leda biyu, can ƙasan kabad. Duk da haka in ka buɗe kabad ɗin da safe sai ya yi maka sallama. Yakan fito da shi in an kawo sabon ɗalibi, ya ga yadda zai yamutsa fuska, ya yi dariya.

A kan kantar magani kuma ga kwalbar Asafoetida 30C, wato wadda aka tsarma sau 30. Buɗe ta ka kai hanci, ba ka jin komai sai ɗan ƙamshin alkohol da aka ɗiga wa ƙwayoyin sukarin. A makona na farko na tambayi ina warin ya tafi, aka ce ƙarfin magani ba a hanci ake auna shi ba. Na karɓa, don a lokacin duk abin da maigida ya faɗa ya zauna.

Cikin shekarata ta uku wata dattijuwa da shekarunta suka haura 60 ta zo da 'yarta. Ni ke fara zama da sabon mara lafiya in ɗauki bayani kafin ya shiga wurin maigida, kuma a wannan fannin ba na raina kaina. Ta ce gyatsa ta dame ta, mai ƙarfi, ciki yana kumbura, ga wani abu kamar dunƙule da yake tasowa ya tokare mata maƙoshi. Tun ba ta rufe baki ba raina ya riga ya buɗe shafin: iskar da take hawa sama maimakon ta sauka, ƙwallo a maƙoshi, fargaba, kamar hanyar abinci ta juya tana tafiya da baya. Har wani daɗi na ji, irin na ɗalibin da tambayar da ya karanta ta fito.

Ina shirin rufe fayil sai ta ɗora yatsu biyu a tsakiyar ƙashin ƙirjinta, ta ce, "Ɗana, loma ce fa take tsaya mini a nan, sai na kora da ruwa." 'Yar ta kamo hannun uwar ta nuna mini zobe, ta ce da can sai da sabulu ake cire shi, yanzu da zare suka naɗe shi don kada ya faɗi. Zaren baƙi ne, har yau ina ganinsa. Na rubuta duka biyun a ƙasan shafi na ja musu layi.

Ba zan fake da jahilci ba, domin na sani. An koya mana a darasin ilimin jiki, na kuma ci jarrabawarsa. Dunƙulen maƙoshi irin na damuwa, wanda littattafanmu suke jingina wa asafotida, an fi jin sa lokacin da ba a cin komai, in mutum ya haɗiyi miyau. Abinci yana wucewa lafiya, sau da yawa ma cin abincin ne yake lafar da shi. Amma loma ta tsaya a ƙirji, mai tauri ta fara gagara sannan mai laushi, ga rama, ga shekaru, wannan ba a zama a kansa. Asibiti ake tura mutum a zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki a duba, kuma cikin gaggawa.

Na bi maigida ofis, na ce, "Yallaɓai, ta ce abinci yana tsaya mata, kuma ta rame." Bai ɗago ba. Ya jawo littafin alamomi, ya buɗe kamar wanda ya sa alama, ya ɗora yatsa a kan layin da ya yi maganar ƙullewar hanyar abinci, ya ce, "Karanta. Wannan ai asafotida ce ta shigo da ƙafarta. Ramar kuma, wanda ciki ya dama zai yi ƙiba ne?" Na ce haka ne, yallaɓai. Na koma na ƙirga mata ƙwayoyi, na gaya mata a ƙarƙashin harshe ake sawa, kada ta taɓa da hannu, kada ta ci komai rabin awa kafin da bayan sha. Ta yi mini addu'a mai tsawo.

Bayan mako 3 suka dawo, abin ya ƙaru. Maigida ya ce alhamdu lillahi, ai tun Hahnemann, wanda ya kafa homiyofati, an san cewa in magani ya dace, ciwo yakan ɗan tsananta kafin ya sauka. Ya ɗaga ta zuwa 200C. Wata guda ya wuce, suka dawo, yanzu sai abu mai ruwa-ruwa take iya haɗiya. Ya shiga tambaya ko ta sha kofi, ko tana shafa man kafur, ko man goge bakinta mai na'ana'a ne, don duk waɗannan a wurinmu suna karya magani. Ina tsaye a bayansa riƙe da fayil, layin da na ja yana kallona. Ƙofar fita taku biyar ce daga inda 'yar take zaune. Da na raka su waje na ce, "Baiwar Allah, ki kai Hajiya asibiti gobe," da ba wanda zai ji. Ban raka su ba.

'Yar ce da kanta ta gaji ta kai ta. Ciwon daji ne a ƙasan hanyar abinci, kuma ya riga ya bazu. Daga ranar da ta nuna mini ƙirjinta zuwa ranar da aka zura kyamara, kusan wata 4. Irin wannan ciwo sau da yawa ya riga ya yi nisa kafin haɗiya ta fara wuya, kuma na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma watannin nata ne, ba namu ba, mu muka cinye mata su da sukari. Bayan rasuwarta 'yar ta zo. Na ɗauka faɗa za ta yi, da ma ta yi. Ta tsaya a bakin kantata ta ce, "Malam, ai na ga lokacin da kake rubutawa." Ta juya.

Laifi tudu ne, na taka nawa na faɗa muku shi tukuna, yanzu sai na hango na wani. Washegari maigida ya tara mu duka, har da mai shara. Ya ce ya bincika ya gano inda matsalar take: wai na ajiye kwalbar asafotida kusa da man kafur a kanta, maganin ya mutu kafin ya kai bakin mara lafiya. Aka bar jaki ana dukan taiki. Ya ba ni takardar gargaɗi a gaban yaran da ni na koya musu riƙe kwalba. Da na je mayar da fayil ɗin Hajiya, sai na tarar an sake kwafe shafin farko da rubutunsa mai kyau ɗin nan, tsaf, babu loma babu zobe. Mutumin da ya kan ce mana rubutu amana ne.

Abin kunyar shi ne na ƙara shekara ɗaya da rabi a wurin. Amma ban ƙara su a banza ba, karatu na koma. Na fara da lissafin da ya kamata in yi tun makon farko. Ɗigo 1 cikin 99, a girgiza, a ɗebi ɗigo 1 a sake, har sau 30, ya zama kashi ɗaya cikin lambar da take da sifili 60 a bayanta. Adadin Avogadro, wanda masana sinadarai suke ƙirga ƙwayoyin abu da shi, sifilinsa 23 ne. Tun daga wajen 12C da wuya a ce ko ƙwaya ɗaya ta ƙaron ta saura a kwalba. Kafur ɗin da aka ce na kashe magani da shi bai tarar da abin kashewa ba.

Ban koma ina zagin Samuel Hahnemann ba, ko da yake wasu suna son in yi. A 1790 ya sha ɓawon itacen sinkona, wanda ake samun kwinin daga gare shi, ya ji alamun da suka yi masa kama da zazzaɓin cizon sauro, daga nan ya gina ra'ayin cewa abin da ke haddasa alama shi ke warkar da ita. Ya bayyana shi a 1796. A zamaninsa likitocin Turai jini suke zubar wa mara lafiya, su ɗura masa sinadarin zaiba. Wanda aka ba ƙwayar sukari aka bar jikinsa ya huta, ba mamaki ya fi samun sauƙi. Shi yana da uzurin zamaninsa. Mu da muke da kyamarar duba ciki a asibitin da ke kusa, ina namu?

Maigida yana da wani bincike da yake yawan kafa hujja da shi, ya ce har ƙungiyar Cochrane, mai bitar binciken magunguna, ta yarda da asafotida. Na nemo na karanta da kaina. Gwaji biyu ne da aka yi a Jamus, a 1976 da 1979, kan masu ciwon hanjin nan mai sa kumburi da murɗa da taurin bayan gida. Mutum 129 aka haɗa, kashi 73 cikin 100 na masu shan maganin suka ce sun ji sauƙi, a kan kashi 45 na waɗanda aka ba ƙwaya marar komai. Nan maigida yake tsayawa. Bai taɓa faɗa mana cewa mako 2 kacal aka bi su ba, ko cewa masu bitar da kansu sun ce hujjar mai rauni ce, ko cewa ƙarfin da aka gwada D3 ne, kashi 1 cikin 1,000, wanda akwai ƙaron a cikinsa da gaske. Namu na kanta 30C ne. Hukumar binciken lafiya ta Ostireliya ta duba bincike 176 a 2015, ta ce ba ta sami ciwo ko ɗaya da homiyofati take da tabbatacciyar hujjar magance shi ba. Hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta shi a 2017, Faransa ta daina biyan kuɗinsa daga farkon 2021.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Awa guda da muke ba mutum yana magana ba a katse shi, ita ce abu mafi daraja da muke da shi, kuma ita ce take sa ya yarda da mu har ya ƙi zuwa inda ya kamata. Ɗanyen ƙaron ba abin wasa ba ne ga jarirai, a 1984 wata mujallar likitocin yara ta Amurka ta kawo labarin jaririn da aka ba maganin gargajiya mai ɗauke da shi, jininsa ya kasa ɗaukar iska yadda ya kamata. Ka riƙa ajiye kwafin abin da ka rubuta. In maigidanka yana da amsa in an warke, yana da amsa in ciwo ya ƙaru, ka duba da kyau, amsa ta uku kai ne. Tun bayan Hajiya na tura mutum 11 asibiti daga bakin ƙofa ba da saninsa ba, ina da sunayensu a ɗan littafina, biyu sun dawo sun yi mini godiya.

Ranar da zan tafi muna ƙidayar kaya da yaron da zai gaje ni. Ya buɗe gwangwanin ya toshe hanci, ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan ina warinta?" Maigida yana tsaye a ƙofa. Na ce ya samu takarda ya rubuta 1, ya jera mata sifili 60, in ya gama ya kira ni. Na sa masa wata 'yar takarda a aljihu mai alamomin da ba a riƙe mutum da su: tsayawar loma, rama ba dalili, aman jini, baƙin bayan gida, ciwon ƙirji. Maigida bai amsa sallamata ba, takardar shaidar aikina ma tana kan teburinsa ba sa hannu. Rigar da na taɓa gwangwanin da ita an wanke ta sau biyu, har yanzu tana shanye a waje.