Eriyar Marsandin Alhaji

Aikina gyaran wayar mota ne, rewaya kamar yadda ake kiranmu, kuma ina da ɗan shago a Kano da yara uku masu koyon aiki. Kullum kik ne da fitila da cajin batir. Amma a hunturun bana wani Alhaji ya kawo mini Marsandi SL mai ƙofa biyu, irin wadda ake zuge rufinta, ƙirar R129 da aka yi daga 1989 zuwa 2001. Eriyarta ce ta tsaya. A da, ana kunna rediyo sai ta miƙe da kanta daga gefen but, a kashe ta shige. Yanzu ko motsi.

"Malam, cire ta kawai ka sa mini 'yar gajerar nan ta roba," in ji shi.

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ba ni wuni guda." Tsawon nan ba ado ba ne. Tashar FM da ke kusa da lamba 100 a jikin rediyo tana son eriya mai kamar santimita 75, shi ya sa 'yar guntuwa kan yi a cikin gari, amma da an miƙi hanyar Zariya sai shuu ta fara rufe magana.

A irin wannan aiki kunne nake fara sawa, ba sukudireba ba. Na sa yaro ya kunna rediyo, na kara kunne a jikin but. Shiru. Wayoyin da ke ba ta aiki uku ne: mai kawo wuta kullum daga batir, wadda ke ɗaure da ƙarfen mota, da wadda ke zuwa daga rediyo ta ce mata tashi. Fis lafiya, biyun farko lafiya, ta uku kuwa mita ba ta ga komai ba. Da muka zaro rediyon, ashe sabo ne aka sa, kuma wanda ya haɗa ya naɗe shuɗiyar wayar eriya da salatif ya cusa ta baya. Muka jona, volt 12 ya iso.

Sai ɗan injin da ke cikin eriyar ya ɗauka, gurrr, amma sandarta tana nan daram. Wannan ƙarar na san ta. A cikin sandar akwai farar igiyar roba mai haƙora, ita giya ke turawa sama, ta kuma naɗe ta cikin wani ɗan faifai idan za ta sauka. Idan inji na juyawa sanda ba ta motsi, igiyar ta tsinke ko haƙoranta sun cinye. Muka kwance notin sama, muka sauke eriyar, muka buɗe. Ga guntun igiyar nan a naɗe, sandar kuma ta daskare da baƙin giris da ya sha ƙurar hunturu ya koma kamar kwalta. Wani ne ya lafta mata da niyyar taimako, injin ya yi ta ja har igiya ta gaza. Wannan yana ba ni takaici, domin lafiyayyen inji ne aka kusa jefarwa saboda cokali guda na giris.

Muka wanke ciki da kananzir, muka zuƙe 'yar tiyon da ke fitar da ruwan sama ta ƙasa, don ita ma ta toshe. Sandar da igiyarta na samo a jikin wata tsohuwar eriya wajen masu kayan gwanjo. Wajen sawa sai an lura haƙoran sun fuskanci giya. A zura bakin igiyar, a kashe rediyo, injin ya ja ta ciki da kansa.

Da la'asar Alhaji ya dawo, ya kunna ya kashe har sau uku yana kallonta ta madubi. Na roƙe shi a riƙa goge sandar da tsumma mai tsabta, kuma a kashe rediyo kafin masu wankin mota su taɓa ta, don sandar da ta lanƙwashe ba ta komawa gidanta.