Godiya bayan taron karrama 'yan wasanmu

Assalamu alaikum. A madadin ƙungiyarmu ta 'yan wasa masu buƙata ta musamman, ina miƙa godiya ga duk wanda ya halarci taron karramawa na ranar Asabar, da waɗanda uzuri ya hana su zuwa amma suka aiko da gudummawa. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga malamin motsa jiki da ya ba mu tarihin kyautar Laureus, wadda ake karrama zakarun wasanni na duniya da ita. Ɗan taƙaitaccen jawabi muka roƙa, sai yara suka hana shi sauka saboda tambayoyi. Ya faro daga 2000, lokacin da aka yi bikin farko a Monako, Nelson Mandela yana wajen. Tun a wannan biki aka ware kyautar gwarzon ɗan wasa mai nakasa, ana miƙa ta a dandali ɗaya da ta sauran zakarun duniya. Louise Sauvage ta Ostareliya, mai tseren keken guragu, ita ta fara ɗauka. Esther Vergeer ta Holan ta karɓa a 2002 da 2008. Wannan baiwar Allah ta ci wasan tanis 470 a jere tana kan keke, har ta yi ritaya a 2013 ba wadda ta karya mata wannan jeri. Daniel Dias na Brazil, ɗan ninƙaya, sau uku ya ɗauka: 2009, 2013 da 2016.

Inda jawabin ya fi shiga ran yaranmu shi ne labarin Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu. An yanke mata ƙafar hagu bayan haɗarin babur a 2001, amma a 2008 ta shiga ninƙayar kilomita 10 a gasar Olamfik ta Beijin tare da masu ƙafa biyu, ta zo ta 16, sannan ta karɓi Laureus a 2010. Ni kuwa abin da ya fi burge ni daban ne. Malam bai ɓoye cewa an ƙwace kyautar 2004 daga hannun Earle Connor na Kanada ba, bayan an kama shi da ƙwayoyin ƙara kuzari. Wato ba kyautar tausayi ba ce. Tsofaffin zakarun wasanni ke kaɗa ƙuri'a, kuma wanda ya yi maguɗi hukunci zai hau kansa, ko da ƙafa ko babu. Haka muke so a riƙa auna mu, ba a tafa mana don kawai mun fito daga gida ba.

Wata yarinya ta tambaya ko ɗan Najeriya ya taɓa ci. Bai taɓa ba. 'Yan Afirka uku da suka ɗauka duk daga Afirka ta Kudu suke. Abin da ciwo, in aka tuna a gasar nakasassu ta Rio a Brazil a 2016 'yan wasanmu masu nakasa sun dawo da zinariya 8, alhali tawagar Olamfik tagulla ɗaya tal ta kawo.

Sai kafintan unguwarmu. Ɗakin taron da muka kama matakala ce a bakin ƙofarsa, ba hanyar keke, kuma masu wajen ba su damu ba. Da sassafe ya zo da katako da ƙusa ya haɗa mana gangare, ya hau ya yi tsalle a kai don ya tabbatar zai ɗauki nauyi, ya tafi bai karɓi ko sisi ba. Allah Ya yi wa sana'arka albarka, Baba. Iyayenmu mata da suka kwana suna soya waina, da matasan da suka yi ta jigilar mutane a Keke Napep, da mai waldan da ya gyara mana kekuna kyauta, mun gode ƙwarai.

Ga 'yan ƙwallon guragu da suka buɗe taron, sannunku da ƙoƙari. Kuna zaune kan allunanku masu taya, silifa a hannu kuna dukan ƙwallo, kun tashi jama'a tsaye. Wannan wasa namu ne na gida, Misbahu Lawan Didi ne ya ƙirƙiro shi a 1988, kuma yawancin masu buga shi shan inna ce ta kama su tun suna ƙanana.

Wanda ya ɗauki hotuna ko bidiyo, don Allah ya turo wa sakatare. Atisaye yana nan ranar Asabar bayan la'asar, kuma har yanzu muna neman tayoyin allo.