Bushewar Hanci da Na'urar Numfashi a Hunturun Katsina

Likita ya ɗora ni a kan na'urar CPAP bayan gwajin barci ya nuna numfashina yana ɗaukewa fiye da sau 30 a kowace awa, wanda a ma'aunin likitoci shi ne mataki mai tsanani na lalurar ɗaukewar numfashi a cikin barci. Aikin na'urar shi ne tura iska ta cikin mesa zuwa takunkumin da ke kan hanci, da ƙarfin da zai hana maƙogwaro rufewa idan naman wurin ya saki a cikin barci, dabarar da wani likita ɗan Ostireliya, Colin Sullivan, ya bayyana wa duniya a 1981. Da damina na fara amfani da ita, kuma ban ga abin ƙi ba, domin minshari ya tsaya, gyangyaɗin da nake yi a ofis bayan azahar ya ragu. Sai da hunturu ya kama a Nuwamba, hazo ya rufe Katsina, sannan hanci ya fara ba ni wahala.

Nakan farka kafin asuba cikin hancin yana raɗaɗi, tasono ya bushe ya manne, idan na shaƙa ruwa wajen alwala kuma sai in ga ɗigon jini a tafin hannuna. Na'urar tana da ɗan tankin ruwa da take ɗumamawa domin iskar ta kwashi danshi kafin ta iso hanci, don haka na ƙara lambar danshin, aka samu sauƙi kaɗan, amma da gari ya waye tankin ya ƙafe ƙaf, baki kuma ya bushe har harshe yana manne wa dasashi.

Uwargida ce ta gano inda gizo ke saƙa. Ta ce, "Malam, ai bakinka a buɗe yake kwana, ina jin iska tana fita ta nan." Da na kai wa likita wannan magana, ya yi mini bayanin da ya warware komai. A numfashi na yau da kullum, iskar da mutum yake fitarwa ta hanci tana mayar wa fatar ciki wani kaso na danshi da ɗumin da ta ɗauka wajen shiga. Idan kuwa baki ya buɗe, iskar na'ura takan shiga ta hanci ta fice ta baki, hanya ɗaya babu dawowa, tana yashe danshin dare guda cur. Hancin da ya bushe yakan kumbura ya toshe, toshewar kuma ita ce ke ƙara sa mutum buɗe baki, haka abin yake ta juyawa. Likitan ya ba ni zaɓi tsakanin maɗaurin haɓa da takunkumin da ke rufe hanci da baki gaba ɗaya. Maɗaurin na ɗauka, saboda babban takunkumin ba ya zama daidai a kan gemu, kuma a ganina wannan gyara ya fi duk sauran amfani.

Kafin in kwanta ina fesa ruwan gishiri na kyamis, mai gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Man kaɗanya da basilin da 'yan uwa suka yi ta ba ni shawara, waɗanda kowa ya saba da su a hunturu, likita ya hana sa su cikin hanci, domin maiƙo yana iya bin iska a hankali ya taru a huhu, kuma yana lalata robar takunkumin. Ya kuma ja kunnena a kan feshin buɗe hanci irin Otrivin, wanda idan aka zarce 'yan kwanaki ana amfani da shi yakan dawo da toshewar fiye da da.

Ruwan tankin ma da nasa zancen. Masu ƙera na'urar ruwan da aka tace ta hanyar tururi suke so, samunsa kuwa a nan sai an bincika. Ruwan batir na bakin gareji ban yarda da shi ba ko kusa, tunda ban san abin da ke cikin jarkar ba. Idan nawa ya yanke, nakan tafasa ruwan gora ya huce, ko da yake tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta hana farin ɓawo taruwa a gindin tankin, wanda nake jiƙawa da ruwan khal da aka sirka sannan in ɗauraye.

Ɗumama ruwan ya fi tura iskar cin wuta nesa ba kusa ba, shi ya sa a daren da aka ɗauke wuta batirin sola yakan gaza kafin asuba. A irin wannan dare ina kashe ɗumamawar amma in bar ruwan a tankin, iskar ta ratsa ta kansa ta ɗebi abin da ya samu. Matacin iska na bayan na'urar kuwa, wanda da damina yake daɗewa fari, a hunturu kowane mako nake duba shi, in ya yi ja da ƙura in sauya.