Ƙuri'ar waɗanda suka tsallake teku: ziyarata a Cape Verde

Daga Dakar na hau jirgin sama zuwa Praia, babban birnin Cape Verde, ƙasar tsibirai 10 da ta samu 'yancin kai daga Fotugal a 1975. Tun a motar haya da ta kai ni kasuwar Sucupira na lura cewa da wuya a yi hira da mutum bai ambaci ɗan'uwansa da ke Lisbon ko Boston ko Rotterdam ba. Fari da yunwa, musamman na shekarun 1940, sun daɗe suna korar jama'a, har ana cewa waɗanda ke ƙetare sun fi na gida yawa, alhali na gidan kimanin rabin miliyan ne.

Da na isa tsibirin Fogo ta jirgin ruwa, na ga manyan gidaje a rufe a garin São Filipe, waɗanda masu su ke Amurka. Wani dattijo da ya sauke ni ya bayyana mini cewa rufe ƙofa bai raba su da ƙasa ba, domin daga can suke jefa ƙuri'a. Cikin kujeru 72 na majalisar dokoki an ware musu 6: biyu na mazauna Afirka, biyu na nahiyar Amurka, biyu na Turai da sauran duniya. Suna zaɓen shugaban ƙasa ma, sai dai an yi wa ƙuri'unsu iyaka, ba za su wuce kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda aka kaɗa a gida ba.

Na daɗe ina juya wannan iyaka a raina. A ƙasar da Pedro Pires ya kayar da Carlos Veiga da ƙuri'a 12 kacal a zaɓen shugaban ƙasa na 2001, dole mazaunin gida ya ji tsoron kada wanda bai san ƙarancin ruwan unguwarsu ba ya zaɓa masa shugaba. Amma wanda yake aiko da kuɗin makaranta da na magani kowane wata shi ma yana da hakki, kuma a ganina dokar ta yi wa ɓangarorin biyu adalci.

Da na koma Sucupira na zauna da wasu 'yan kasuwa 'yan Najeriya, abin ya sosa mini rai ƙwarai, saboda har yau ƙasarmu ba ta ba su damar zaɓe daga waje ba. Wanda yake son ya kaɗa ƙuri'a sai ya biya kuɗin jirgi ya komo rumfar da ya yi rajista.