Jiran mawaƙi har kotu

Jiya muna hira da abokan aiki aka tuno mini ƙarar da aka kai mawaƙiya Madonna a Amurka. A Disambar 2023 ta yi wasa a zauren wasanni na Barclays Center da ke Brooklyn a birnin New York. Tikiti ya ce ƙarfe 8:30 na dare, ita kuwa ba ta hau dandamali ba sai bayan 10:30. Mutum biyu daga cikin masu kallo suka maka ta a kotu a Janairun 2024, ita da kamfanin Live Nation mai shirya wasan. Kukansu shi ne an tashi wajen ƙarfe ɗaya, samun abin hawa ya yi wuya, ga aiki da sassafe.

Lauyoyinta suka ce ai kowa ya san babban mawaƙi ba ya fitowa daidai lokacin da aka buga a tikiti. Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai, wallahi. Na taɓa zama kan kujerar roba a wani wasan Sallah, ruwan leda ya ƙare, ana ta gwada lasifika, mawaƙin bai iso ba sai da mutane suka fara watsewa. Ko mutum ɗaya bai nemi kuɗinsa ba.

Ƙarar Madonna dai a watan Yunin 2024 masu ita suka janye ta.